Riga Mai Kunne

Taufiƙ ya cika shekara huɗu bai taɓa cewa "Mama" ba. Yana dariya, yana kuka, yana jan zanin uwarsa ya kai ta gaban abin da yake so ya nuna, amma kalma ba ta taɓa fitowa daga bakinsa ba, sai wani ɗan gurnani daga maƙogwaro. A gidan hayar da suke zaune a unguwar Nkembo ta birnin Libreville, inda ɗakunan katako suka jeru suna kallon famfo ɗaya, kowa da irin maganinsa. An ba shi rubutu ya sha. An kira wanzami ya duba ƙasan harshensa, ya ce lafiya lau. Wata 'yar ƙasar Kamaru da ke ɗakin ƙarshe kuwa cewa ta yi harsuna ne suka yi masa yawa, Hausa a ɗaki, Faransanci a tsakar gida, wani yaren a bakin titi, ya rasa wanda zai kama.

Uwarsa Nafi ba ta musu da kowa. Daga Gumel aure ya kawo ta, kuma tun zuwanta ta koyi cewa baƙo a garin nan sauraro ya fi yi masa amfani. Abin da ke cin ta guda ne. Shugabar makarantar yara ta unguwar ta gaya mata ido da ido cewa in aka dawo hutun rani yaron bai fara magana ba, ba za ta ɗauke shi ba, don aji cike yake, malama ɗaya ba za ta bi kowa da nuni ba. Akwai likitar magana a gari, akwai masu gwajin kunne da na'ura, amma wannan ya fi ƙarfin ɗan shagon takalman roba da mijinta Saliou yake da shi a kasuwar Mont-Bouët.

"Ki kwantar da hankalinki," in ji Saliou, yana cin tuwo. "Ni ma an ce sai da na girma na buɗe baki. Yanzu ga shi ke da kanki kina roƙo na yi shiru."

"Malam, kai in aka kira ka kana juyowa."

"Shi ma yana juyowa in ya ga dama. Taurin kai ne, na gidanku ya ɗauko."

Ta yi murmushi don ya ci abincinsa cikin daɗi, amma abin bai bar ranta ba.

Wata Juma'a Saliou ya dawo daga masallaci da labari. Wasu malaman jami'a suna bincike kan 'ya'yan baƙi masu nauyin baki. Suna so su gane ko daga gida ne, ko daga kunne, ko kuwa daga tashi cikin harsuna biyu. Yaran da aka ga suna bukata za a kai su gwajin kunne da wajen likitar magana, ba ko sisi. Kafin ya gama cire hula Nafi ta sa shi ya kira lambar.

Wadda ta zo budurwa ce mai gilashi, sunanta Inès, 'yar wani ɗan kasuwa mutumin Maraɗi, amma a nan Libreville aka haife ta, kuma Hausarta tana tafiya tana tuntuɓe. Ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta zauna a tabarma, ta ƙi kujera. Nafi ta ji ta kwanta mata a rai. Daga jaka ta fito da wata 'yar riga shuɗiya marar hannu, da aljihu a ƙirji, a cikin aljihun kuma wata na'ura da ba ta fi akwatin ashana ba.

"Anti Nafi, gobe daga safe har magariba ya sa wannan. Tana ɗaukar duk abin da aka faɗa kusa da shi. Ke dai ki yi... yaya ake cewa... kamar kullum. Kada ki canja komai."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Amma dole in gaya miki waɗanda za su ji, doka ce. Ni, da malamina, da mai fassara. Kin ji Hausata, in na fassara da kaina za a kore ni." Ta yi dariya. "Alhaji Zaharaddini ne yake taimaka mana. Kin san shi?"

"Baffa?" in ji Nafi.

"Lallai kin san shi! Ai ya yi kyau, na gida ne."

Alhaji Zaharaddini ƙanin mahaifin Saliou ne. Shi ya je Gumel ya karɓo auren Nafi, shi ya raɗa wa Taufiƙ suna, kuma tun rasuwar yayansa shi ne uba. Ya yi aikin tafinta da ƙuruciya, shi ya sa Faransancinsa ya fi na 'yan makaranta. Nafi ba ta taɓa cin abinci a gabansa ba, ba ta taɓa haɗa ido da shi ba.

A garinsu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban manya, balle surukai. Ita kanta 'yar fari ce. Har uwarta ta koma ga Allah "waccan" take ce mata, kuma Nafi ba ta taɓa shakkar son da take yi mata ba, don tana ganinsa a tsokar naman da ake ɓoye mata a ƙasan kwano. Haka ita ma ta riƙe. A tsakar gida Taufiƙ "yaron nan" ne. Amma da zarar Saliou ya fita kasuwa ta saki labule, sai bakinta ya buɗe kamar rediyo. Tana yanka albasa tana gaya masa albasa ce. Tana wanki tana ba shi labarin rijiyar gidan kakarta. Ta ɗora shi a cinya ta yi masa waƙar da ta ƙirƙira da kanta, Taufiƙ na Nafi, mai hancin babansa, mai goshin Gumel, shi kuma ya ɗora ɗan tafinsa a kan leɓenta yana ƙyalƙyala dariya. Ba wanda ya san wannan, har Saliou.

Washegari ana ruwa tun asuba. Ta yi masa wanka, ta sa masa rigar, ta danna maɓallin kamar yadda aka nuna mata. Wata 'yar jar fitila ta kama a bakin aljihun.

Ta buɗe baki za ta ce masa ya yi kyau, sai ta hango Baffa a zuciyarta, zaune da carbi a hannu, abin sauraro a kunne, yana jin matar ɗansa tana rangaɗa wa ɗan fari kirari da suna. Maganar ta koma ciki. Ta ce a ranta bari a jima, bakin zai saki. Can da hantsi ta lura ashe ta yafa mayafi, a cikin ɗakinta, ita kaɗai da yaro.

Ta yi wa kanta lissafin da ya gamsar da ita. Ai muryarsa suke nema, ba tata ba. In ta cika na'urar da surutu, ta ina za su ji ɗan gurnanin nasa su gane ciwon? Gara ta ba shi fili. Saboda haka yinin nan abin da ya fita daga bakinta bai wuce "zo", "ci", "bari" ba, sai sallama da maƙwabta da ta yi a bakin famfo.

Taufiƙ ne bai gane ba. Ya bi ta kicin, ya bi ta wajen shanya, yana leƙen fuskarta. Da azahar ya hau cinyarta da kansa, ya ɗora tafinsa a leɓenta yana jira. Da ya ji ba motsi sai ya sa yatsa yana buɗe mata baki. Ta kalli jar fitilar, ta kama hannun ta sauke a hankali. Ya sake ɗorawa, ta sake saukewa. Ya zame ya koma bayan ƙofa ya zauna yana kallon ruwan da ke zuba daga kwanon rufi. Ta ce a ranta yini ɗaya ne, gobe za ta rama masa. Da aka kira magariba ta kashe na'urar, ta rungume shi ta yi ta yi masa waƙa har muryarta ta dishe.

Damina ta wuce, sanyin rani ya shigo, sama ta yi toka-toka ba ruwa ba rana. Wata ranar Lahadi Baffa ya zo gidan da ledar atanga a hannu, 'ya'yan itacen nan da ake gasawa a ci. Nafi ta durƙusa daga bakin labule ta gaishe shi.

"Saliou," in ji Baffa, "ka gode wa Allah. An hana mu faɗin abin da muka ji, amma wannan ba zan iya riƙewa ba. Gidaje nawa na saurara, matan yanzu sai ka toshe kunne, suna ta kiran yaro da Faransanci, wai sheri, wai bebe. Amma yarinyar nan, yini guda cur, ko sau ɗaya ba ta kama sunan yaron ba. Na ce wa 'yar Maraɗin nan, kin ji 'yar mutunci. Allah Ya yi miki albarka, Nafisa."

"Amin, Baffa. Allah Ya ƙara girma."

Ta koma kicin fuskarta na zafi don daɗi. Ta gasa atangar, ta kai musu da gishiri.

Bayan 'yan kwanaki Inès ta kira. Muryarta a sake take, kamar mai kawo albishir. An gama sauraro, an raba gidaje kashi biyu. Nafi tana cikin matan da za a riƙa koya wa yadda ake hira da yaro, kowace Asabar, har da lemo da biskit.

"To gwajin kunnen fa, Malama?"

"Wannan na ɗaya ɓangaren ne. Yaran da ake yi musu magana sosai a gida amma duk da haka ba sa amsawa, su ne ake zargin kunne. Naki kuwa, Anti, kada ki ji haushi, an ga ba ya samun magana isasshiya. Wannan ai labari ne mai daɗi, gyaransa a hannunki yake."

Nafi ta tsaya da wayar a kunne har bayan an kashe. Sannan ta zauna a kan bokitin da ta kife, ta daɗe ba ta tashi ba.

Da safe ta goya Taufiƙ duk girmansa, ta fita titi. Ta tsayar da taksi ta faɗi Okala, unguwar da ofishin su Inès yake, direba ya wuce. Ta faɗa wa na biyu, ya wuce. Na uku ya danna hon alamar ya yarda, ta matsa cikin mutane ta ɗora yaron a cinya. Ofishin yana saman wani kantin magani, ɗaki ne mai sanyin na'ura da hotunan yara a bango. Inès ta taso da mamaki.

Nafi ba ta iya doguwar gaisuwa ba ranar. Ta zauna ta faɗi komai, da waƙar, da albasar, da mayafin, da hannun da ta sauke. Kunya tana cin ta tana faɗa, don ko wannan bayanin ma ba abin da ake yi wa bare ba ne.

"Amma na ce miki kamar kullum," in ji Inès a hankali.

"Kin ce. Kin kuma ce Baffa zai ji. Malama, kullum ɗina a gaban Baffa ke nan."

Inès ta cire gilashi ta riƙe a hannu. "Babana ba ya kiran sunan yayanmu. Ban taɓa tambaya ba. Na ɗauka faɗa suka yi tun da daɗewa."

Daidai nan jirgi ya taso daga filin da ke kusa, ya bi ta saman ginin da ƙarar da ta sa tagogi rawa. Su biyun suka yi shiru suna jira ya wuce. Taufiƙ yana ƙasa ya ba su baya, yana jera murafan biro a kan tayil. Bai ɗaga kai ba. Inès ta dube shi, ta dubi silin, ta sake dubansa. Ta tashi ta zagaya bayansa ta tafa hannu da ƙarfi. Ya ci gaba da jera murafansa.

"Ki jira ni," ta ce, ta shiga ɗakin ciki.

Nafi ta jiyo muryoyi ta bayan ƙofa, ta Inès tana hawa, ta wani namiji tana kwance ba ta canjawa. Faransancinta na cefane ne, bai kai nan ba. Ta ɗauki murfin biro ɗaya da ya gangaro ta miƙa wa yaron.

Inès ta fito ba ta dube ta ba. Ta ce malaminta ya ji, kuma ya ji tausayi. Amma ba za a sake ɗauka ba. Yanzu Nafi ta san abin da ake nema, in aka sake, abin da za a samu ba zai shiga lissafi ɗaya da na sauran gidaje ba, kuma in aka yi wa mutum ɗaya dole a yi wa kowa. Guraben gwajin kunnen ma an riga an cike su, masu ba da tallafin iyakar abin da suka amince ke nan.

"Ba sai an sa shi a lissafin ba," in ji Nafi. "A duba kunnen kawai. Ni ba zan gaya wa kowa ba."

"Na faɗa masa haka."

"To?"

Inès ta murza gilashin da gefen gyalenta. "Ya ce... Anti, ki yafe ni, saƙo ne. Ya ce abin da kika kawo babban abu ne. Wai wata tambaya ce sabuwa, yadda kunya take ɓoye wa masu bincike abin da uwa take yi. Yana so in kin yarda a zauna da ke a ɗauki bayaninki, a gina wani binciken a kai, don kada a sake yi wa wasu haka."

Nafi ta auna maganar, don ita ba ta watsar da abu sai ta juya shi ta ga ko yana da amfani.

"In aka yi wannan ɗin, za a duba kunnensa?"

"Sai an rubuta, an aika, an samu masu tallafi. Yakan ɗauki shekara biyu. Wani lokaci ya fi."

"Lokacin ya shekara shida."

Inès ta mayar da gilashinta. Ta rako su har bakin titi, ta ce tana da wata ƙawa a wani asibiti, za ta yi mata magana. Ta kuwa yi. Ƙawar ta ce na'urarsu ta lalace, ana jiran wani ƙarfe daga waje. Nafi ta kira sau da yawa, ƙarfen bai iso ba, daga baya ta ji nauyin ci gaba da kira.

Ta riƙa zuwa ajin Asabar, ba ta fasa ko ɗaya ba, don an ce in wani ya janye daga ɗaya ɓangaren za a iya ba wani yaron gurbinsa. Wata mata mai fara'a takan riƙe 'yar tsana ta nuna musu. Ki kalli idonsa. Ki kira sunansa. In kina girki ki gaya masa sunan abin da kike yankawa. Nafi tana zaune a layin gaba tana gyaɗa kai, ta karɓi biskit ta sa a jaka ta kai wa Taufiƙ. Ba wanda ya janye.

Ta gaya wa Saliou zancen jirgin. Wannan karon bai yi wasa ba. Ya je da kansa ya tambayo abin da gwajin yake ci da abin da ke biyo bayansa in an samu matsala, ya dawo ya zauna a bakin gado bai cire takalmi ba. Ya ce bayan sallah, in kasuwa ta buɗe. Ta ce Allah Ya kai mu. Dukansu sun san yadda kasuwar take.

Ranar komawa makaranta ta sa masa kayan da ta ɗinka da hannunta, ta shafa masa mai, ta kai shi. Shugabar ta durƙusa a gabansa, ta tambaye shi sunansa da Faransanci, ta sake tambaya da ƙarfi. Taufiƙ ya miƙa hannu yana taɓa ɗan kunnenta mai sheƙi. Matar ta miƙe ta dafa kafaɗar Nafi, ta ce ta yi haƙuri, akwai makarantar irinsu amma sai da takardar likita.

Ba ta iya komawa ɗaki kai tsaye ba. Ta bi ta Mont-Bouët don ta gaya wa Saliou. A bakin layin 'yan takalma Baffa yana zaune a benci da dattawan masallaci, suna shan shayi. Ta saki hannun yaron don ta gyara mayafi ta durƙusa. Kafin gwiwarta ta kai ƙasa Taufiƙ ya hango mai tallan balan-balan a tsallaken titi, ya zura da gudu. Wata taksi ta taho tana hon ba ƙaƙƙautawa.

"Taufiƙ!"

Ihun ya fito daga cikinta gaba ɗaya. Masu shaguna suka leƙo, masu turin kura suka tsaya, wata mai kifi ta dafe ƙirji, dattawan nan duka suka juyo. Yaron bai juyo ba. Direban ne ya taka birki har motar ta karkace, ya leƙo yana zagi. Nafi ta cafko wuyan rigar makarantar ta fizgo shi, ta durƙushe a bakin kwata tana riƙe da shi, tana ta maimaita sunan a cikin gashin kansa, ba ta damu da wanda ke ji ba.

Baffa ya taso da sandarsa, ya tsaya a kansu. Shayin yana hannunsa har yanzu.

"Nafisa," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa. "Kowa ya ji. Shi bai ji ba."

"Bai ji ba, Baffa."

"Tun yaushe?"

"Ban sani ba. Kullum ina yi masa magana. In ba kowa, yini nake ina yi masa."

Tsohon ya dubi yaron. Ya dubi kofin da ke hannunsa, ya ajiye shi a ƙasa, ya koma bencin ya zauna nesa da sauran.

Da la'asar hadari ya haɗu, ruwan farko na damina ya sauko a kan kwanukan Nkembo da ƙarar da ba a jin maganar na kusa. Nafi ta cire wa Taufiƙ kayan makarantar, ta ɗinke inda wuyan ya yage, ta ninke su ta sa a ƙasan akwati. Tun wajen ɗinki ta bar ninki a ƙafar wandon, zai kai baɗi in an warware. Yaron ya hau cinyarta, ya ɗora tafinsa a leɓenta. Ta kama hannun ta mayar da shi kan maƙogwaronta, inda rawar muryar ta fi ƙarfi, ta fara waƙar daga farko. Ya yi dariya, idonsa na kan ruwan da ke zuba a bakin ƙofa.